Damina a gari: yadda za mu tsira daga faɗuwar ɗakunan ƙasa

Ba mu manta da daminar 2024 ba, lokacin da ruwa ya ci rayuka a Maraɗi, ya kuma kada tsohon masallacin Birni a Damagaram. A garuruwanmu, sau da yawa ginin ƙasa ne ke kisa: ruwa ya kwanta a gindin bango, ya jiƙa shi, cikin dare sai ya afka wa masu barci.

Tun kafin hadari ya haɗo, mu sake yaɓe, mu buɗe indararo, mu yashe magudanar ƙofar gida. In bango ya tsage ko ƙasa ta fara zubowa daga azara, a fitar da yara da tsofaffi nan take, kada a tsaya kwasar kaya.

Takardun haihuwa, tocila da magunguna a ɗaure su cikin leda kusa da ƙofa. In ruwa ya shigo, a kashe wutar lantarki. Lambar 'yan kwana-kwana ita ce 18.

'Yan uwa da ke Libiya, Abijan ko Legas, kuɗin gyara ya fi amfani a watan Mayu. Allah ya ba mu damina mai albarka.