Kafin ka danna alamar so: shekarun da ke bayan zobe ɗaya

Kana zaune kana ta jan allon waya, sai ga hoton wani zobe yana walƙiya. Ka danna alamar so, ka wuce. Duka-duka daƙiƙa biyu. To amma ka taɓa tambayar kanka shekara nawa mai shi ya yi kafin hannunsa ya iya wannan aikin? Labarin Wallace Chan, maƙerin kayan ado na Hong Kong, zai ba ka amsa.

An haife shi a 1956 a birnin Fuzhou na ƙasar Sin, iyayensa suka koma Hong Kong yana ɗan shekara 5. Talauci ya sa ya bar makaranta yana da shekara 13. A 1973 ya shiga koyon sassaƙa duwatsu masu daraja a wajen wani mai gida, amma wata 9 kacal ya yi ya fita, domin aikin wurin maimaita abin da aka saba ne kawai. A 1974 ya buɗe ɗan wurin aikinsa. Ba digiri, ba jari mai kauri. Sauran ilimin a wajen dutse ya koye shi: ya sassaƙa, ya ɓata, ya sake.

Sai a 1987 ya fito da salon da ake kira da sunansa, Wallace Cut. Ga yadda abin yake: maimakon ya sassaƙa dutse mai garai-garai ta gaba, sai ya ɓullo masa ta baya, ya zana fuska a cikinsa. Ka ga ke nan komai a juye zai yi shi, dama ta koma hagu, inda ya zurfafa shi ne zai fito kamar tudu. Saboda yadda ya yanka gefunan dutsen, fuska ɗaya ce ya zana, amma idan ka duba sai ka ga biyar. Kayan aikin ma babu su a kasuwa. Injin da likitan haƙori ke amfani da shi ya gyara, kuma a cikin ruwa yake sassaƙar, don kada zafi ya fasa dutsen. Ruwan kuwa yana hana shi ganin abin da yake yi, dole ya riƙa cirowa yana dubawa.

Bayan dutse sai ƙarfe. Zinare na da kyau amma yana da nauyi, babbar sarƙa sai ta gajiyar da wuya. Chan ya koma kan taitaniyom, ƙarfen da ake sawa a jiragen sama, wanda nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na zinare ba. Matsalar ita ce taurin kai. Zinare na narkewa a ma'aunin zafi 1,064, shi kuwa sai wajen 1,668, ga wuyar lanƙwasawa. Shekara 8 ya yi yana fama da shi. Ladan wahalar shi ne launi: idan aka ratsa taitaniyom da lantarki, sai ya rikiɗe zuwa shuɗi, ruwan ɗorawa ko shunayya, gwargwadon ƙarfin wutar, ba tare da fenti ba. Da haka yake ƙera malam-buɗe-littafi da furanni manya da mace za ta maƙala ba ta ji nauyi ba.

Bai tsaya nan ba. Ya sake kashe shekara 7 a kan tangaran, irin wanda ake kofi da faranti da shi, har a 2018 ya fito da nasa mai taurin da za a iya dasa lu'ulu'u a jikinsa. A 2019 gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya karɓi zobensa na tangaran ya adana.

Yanzu ka lissafa: shekara 13 daga buɗe shago zuwa salon sassaƙa, 8 a kan ƙarfe, 7 a kan tangaran. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan shekarun da zai yi kyau a bidiyon daƙiƙa 30, ai yawancinsu fasasshen dutse ne da aikin da ya lalace.

Wannan ya shafe ka, ko ya shafe ki, idan kina jera duwatsun ado a ɗaki ko kana zama wajen maƙerin azurfa bayan makaranta. Kwaikwayon zanen da ka gani a Instagram ba wuya, kuma gobe mutum goma za su kwaikwayi naka su karya farashi. Abin da ba a iya ɗauka a hoto shi ne sanin kayan aikin: yadda azurfa ke yi idan wuta ta yi yawa, inda waya ke karyewa, dutsen da ba ya son zafi. Wannan sanin ne ke sa a nemo ka da sunanka.

Saboda haka ka zaɓi abu ɗaya, ko tagulla, ko fata, ko ƙwalba, ka zauna da shi har ka san halinsa. Wanda ya lalace kada ka zubar, ka ajiye ka rubuta abin da ya jawo. Mabiya za su iya jira tukuna.