Fela Sowande: Makaɗin da ya kai waƙoƙin gargajiya zaurukan Turai

An haifi Fela Sowande a Abeokuta a shekarar 1905. Ya koyi kaɗa ogan, kayan kiɗan majami'a, a Legas, kafin ya tafi Landan a 1934, inda ya ƙware a rubutaccen kiɗa irin na Turawa.

A wancan zamani, masana kiɗan Turai da dama ba su ɗauki waƙoƙin Afirka da daraja ba. Sowande kuwa sai ya riƙa ɗauko karin waƙoƙin Yarbawa da na wasu sassan Afirka ta Yamma, yana tsara su domin manyan ƙungiyoyin makaɗa. Fitaccen aikinsa, African Suite, na masu kayan tsirkiya ne.

Da ya dawo gida a 1953, ya jagoranci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya, ya kuma dage wajen naɗar kiɗan gargajiya don kada ya salwanta da rasuwar masu shi. A 1960, shekarar samun 'yancin kai, ya tsara Folk Symphony.

Ya rasu a Ohio ta Amurka a 1987.