Gudun Motsa Jiki: Yadda Za Ka Tsallake Mako Na Uku Ba Tare Da Ka Jingine Takalmi Ba

Ka tuna ranar da ka fara? Wataƙila likita ne ya auna jininka ya ce ya fara hawa, ko kuma ka hau bene mai hawa biyu ne ka ji numfashi yana neman gagarar ka. Ka sayi kambas, ka saita ƙararrawar waya, ka fita da sassafe cike da himma. A makon farko ka fita sau huɗu, a na biyu sau biyu. A na uku aka yi ruwan sama ranar Litinin, ranar Laraba ka makara, daga nan takalmin ya koma ƙarƙashin gado yana shan ƙura.

Idan haka ta same ka, kada ka yanke wa kanka hukuncin cewa kai rago ne. Abubuwa uku ne suka fi sa sabon mai gudu ya daina: wahalar da ya jawo wa kansa da garaje, gundura da maimaita abu ɗaya, da kuma rashin ganin sakamakon da ya sa rai. Kowannensu yana da magani, kuma neman maganin ya zama dole, domin hawan jinin da ya fitar da kai daga gida tun farko yana nan bai tafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so kowane baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi irin gudu. Mai zaman ofis, mai tsaron shago da direban da ke yini a cunkoson Legas ko na hanyar Mararaba ba kasafai suke samun wannan a harkokinsu na yau da kullum ba.

Rage sauri tukuna

Babban kuskuren mai farawa shi ne ya fita a guje kamar wanda aka biyo. Cikin minti uku ƙirji ya ɗauki zafi, haki ya taso, sai zuciya ta rubuta cewa gudu azaba ne. Gobe da asuba wannan azabar za ka fara tunawa, kuma babu mai ɗokin komawa inda ya sha wuya.

Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne magana. Idan kana sassarfa kuma za ka iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba tare da numfashi ya yanke ta ba, saurinka daidai ne. Idan kalma biyu kawai kake iya fitarwa, ka rage, ko ka koma tafiya. Haɗa gudu da tafiya ba abin kunya ba ne. Tsarin nan mai suna Couch to 5K, wanda hukumar lafiya ta Birtaniya take ba masu farawa, mako tara ne, ana fita sau uku a kowane mako. A makon farko za ka ɗumama jiki da tafiya mai sauri ta minti 5, sannan ka riƙa yin gudu na daƙiƙa 60 da tafiya ta daƙiƙa 90, kana maimaitawa har minti 20. A hankali gudun yana ƙaruwa, tafiyar tana raguwa, har a mako na tara ka iya minti 30 ba tsayawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka kuma san cewa mintocin farko na kowace fita su ne mafi nauyi, har ga waɗanda suka daɗe suna yi. Da ka soma gudu tsokoki suna neman iska fiye da yadda zuciya da huhu suka shirya bayarwa, sai an ɗan jima kafin su daidaita. Saboda haka ranar da kasala ta kama ka, ka yi wa kanka alƙawarin minti 10 kacal. Idan bayan su har yanzu jiki ya ƙi, ka juya gida ba tare da jin laifi ba. Sau da yawa za ka tarar jikin ya sake, ka ƙarasa.

Hutu ma cikin horon yake. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu fiye da jijiyoyi, gaɓoɓi da ƙasusuwa. Shi ya sa mutum zai ji numfashinsa ya gyaru a mako na huɗu, ya ninka tafiyarsa, sai ƙwauri ko gwiwa su kwantar da shi wata guda, kuma da yawa daga nan ba sa dawowa. Ka bar kwana ɗaya tsakanin fita da fita. Tsamin jikin da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan gudu yana wucewa da kansa, amma ciwon da ya tsaya wuri ɗaya yana ƙaruwa ko yana sa ka ɗingishi, a daina gudu a nuna wa likita.

Kada ka jira sha'awa ta zo

Sha'awa tana zuwa tana tafiya, sabo ne yake zama. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar UCL da ke Landan, kan mutum 96, ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zame wa mutum jiki. Wasu ta ɗauke su kwana 18, wasu kuma lissafi ya nuna za ta kai su har 254. Wato a mako na uku ko rabin hanya yawancin mutane ba su kai ba, don haka jin nauyin fita a lokacin ba alamar gazawa ba ce. Binciken ya kuma gano cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Abin da ke rushe shi shi ne ka ce tunda na fasa jiya, shi ke nan.

Hanyar da ta fi taimakawa ita ce ka ɗaura gudun a jikin abin da ba ka fasawa. Idan ka dawo daga sallar asuba, kada ka koma kan gado, ka zarce da sa takalmi. Idan da yamma ya fi maka, ka sa shi daidai lokacin da ka rufe shago ko ka dawo da yara daga Islamiyya. Ka zaɓi ranaku uku tsayayyu, misali Talata, Alhamis da Asabar, ka ajiye kaya da takalmi a bakin ƙofa tun da dare. Duk shawarar da ka bari sai da asuba za ka yanke ta, barci ne zai yanke maka ita.

Maganin gundura

Wanda kullum yake zagaya layi ɗaya, da sauri ɗaya, a lokaci ɗaya, dole ya ƙosa. Ka tanadi hanyoyi biyu ko uku kana musanyawa, ko ka bi hanyar da ka saba ta baya, za ka ga abubuwan da ba ka taɓa lura da su ba. Ranar Asabar kuma ka fita unguwa gaba ɗaya. Mazauna Abuja suna da bakin tafkin Jabi, inda masu motsa jiki ke cika da safiyar ƙarshen mako. A Legas akwai harabar babban filin wasa na Surulere da gadar da ta haɗa Lekki da Ikoyi. A kowane gari kuma ba a rasa filin makaranta ko na ƙwallo, kuma ƙasa ko ciyawa ta fi kwalta sauƙi ga tafin ƙafa.

Ka kuma yi wasa da saurin. A shekarun 1930 wani mai horar da 'yan wasa a ƙasar Suwidin, Gösta Holmér, ya fito da salon da ake kira fartlek, ma'ana wasa da sauri. Ba ya buƙatar agogo: ka ƙara sauri daga wannan turken lantarki zuwa na gaba, ka sassauta har wurin mai shayi, ka sake ɗagawa zuwa kwanar masallaci. Hankalinka zai koma kan alama ta gaba maimakon ƙirga mintocin da suka rage. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma sai bayan ka yi kamar wata guda kana fita.

Kunne ma yana rage nisa. Ka ware wani abin da kake so, labaran safe na rediyo, karatu, littafin da ake karantawa ko waƙa, ka ce ba za ka saurare shi ba sai kana kan hanya. Sai dai a sa abin sauraro a kunne ɗaya kawai, a bar ɗayan don ƙarar babur da mota. A riƙa gudu ana fuskantar motocin da ke tahowa, kuma idan da sauran duhu a sa riga mai haske.

Babu abin da ya kai abokin tafiya. Yana da sauƙi ka yaudari kanka, amma da wuya ka bar mutum tsaye a ƙofar gidanka da ƙarfe shida na safe. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun famfalaki na kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana a 2019, shekara da shekaru cikin ayari yake atisaye a sansanin Kaptagat. Idan gwani irinsa yana buƙatar abokai, ina ga mai farawa? Ka nemi wanda ƙarfinku ya zo ɗaya, ko ka fita da yaranka ranar Asabar, su a keke kai a ƙafa. Su ma ana so su samu minti 60 na motsa jiki kowace rana.

Ke ma, uwargida

Mata da yawa ba gundura ce take fara tsayar da su ba, idon jama'a ne da aikin gida. 'Yar'uwa, gudu ba ya buƙatar matsattsun kaya. Wando mai faɗi, doguwar riga marar nauyi da ƙaramin hijabi mai shan iska sun wadatar, tare da rigar mama mai riƙe jiki sosai. Ki haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku ku nemi filin makaranta ko layin da ba cunkoso. Ranar da fita ba ta yiwu ba, tsakar gida, matakalar bene ko tsallen igiya za su riƙe miki sabon. Maigida kuma, riƙe yara na rabin awa sau uku a mako gudummawa ce ga lafiyar gidan gaba ɗaya. Mai juna biyu ko wadda ta haihu kwanan nan ta fara jin ta bakin likita ko ungozoma.

Kada sikeli ya karya maka gwiwa

Da yawa don rage tumbi suke farawa, idan wata ya cika sikeli bai motsa ba sai su ce aikin banza ne. Ga lissafin: mai nauyin kilo 70 yana ƙona kimanin kalori 350 a gudun kilomita 5, alhali lemon kwalba ɗaya mai santilita 50 yana ɗauke da kusan 200. Rage ƙiba sai an haɗa da gyaran abinci. Amma gudun yana aiki a inda sikeli ba ya gani. Motsa jiki a kai a kai yana iya rage awon jini na sama da kimanin maki 5 zuwa 8 ga mai hawan jini, yana taimaka wa jiki sarrafa sukari, yana gyara barci.

Don ka ga wannan da idonka, ka sayi ƙaramin littafi. Bayan kowace fita ka rubuta kwanan wata, mintoci nawa, da yadda ka ji. Sau ɗaya a mako, kafin ka sauko daga gado, ka ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya ka rubuta. Bayan wata biyu, mai yiwuwa ka ga adadin ya ragu. Ranar da zuciya ta ce maka ba ka ci gaba, ka buɗe shafin farko inda daƙiƙa 60 ta kusa kayar da kai.

Sannan ka sa wa kanka buri mai rana. Na farko ya zama kilomita 5 ba tsayawa. Daga nan kana iya hangen tseren kilomita 10 da ake haɗawa da gasar gudun famfalaki ta Legas, wadda ake yi tun 2016 galibi a watan Fabrairu, ko na Okpekpe a Jihar Edo, wanda aka fara a 2013. Ba sai ka yi na ɗaya ba, kai wa ƙarshe ya isa a yi maka barka.

Lokutan da shiri ke wargajewa

Damina, hunturu da azumi sukan katse wa mutane hanzari, don haka ka shirya musu tun kafin su zo. Ranar ruwa ka yi atisaye a gida. Idan hazo ya yi kauri, mai asma ko ciwon ƙirji ya haƙura da fita. A lokacin zafi ka tsaya ga sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, kana shan ruwa. A watan azumi ka rage, ka mayar da shi bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu. Idan ka yi makonni ba ka fita ba, ka koma baya da mataki biyu ko uku a tsarinka maimakon ɗorawa daga inda ka tsaya.

Idan kana da hawan jini, ciwon sukari ko na zuciya, ko ka manyanta kuma ka daɗe ba ka motsa jiki, ka ga likita kafin ka fara, kuma kada ka ajiye magani don ka soma gudu. Mai yin allurar insulin ya riƙe dabino ko alawa a aljihu saboda faɗuwar sukari. Ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciya da ya rikice alamu ne na a tsaya nan take a nufi asibiti.

Yau da dare ka zaro takalmin nan ka kaɗe masa ƙura, ka ajiye shi a bakin ƙofa. Ka kira abokin da za ku fita tare, ku tsayar da lokaci. Gobe minti 10 kawai ake nema a wurinka. Allah Ya ƙara mana lafiya.