Yadda Ake Cire Kamshaf, a Duba Shi, a Mayar

Kamshaf wani sandan ƙarfe ne da ke cikin injin mota, yana da tozaye a jikinsa. Aikinsa shi ne buɗe bawul a kan kari, domin fetur da iska su shiga, hayaƙi kuma ya fita. Idan karanshaf ya juya sau biyu, shi sau ɗaya yake juyawa. A injin Land Rover mai silinda huɗu, wanda aka fara ƙerawa a 1958, tozayen bawul takwas ne, kuma kamshaf ɗin ne ke juya famfon fetur, da famfon baƙin mai, da na'urar raba wuta ga fulogi.

Ƙazantaccen baƙin mai shi ya fi cin kamshaf. Idan tozo ya cinye, bawul ɗinsa ba ya buɗewa sosai, sai a ji ƙwanƙwasa a kan injin, mota kuma ta rasa ƙarfin hawan tudu. Direban da ya ƙyale wannan, ɓarɓashin ƙarfe zai bi mai ya ɓata sauran injin.

Da fari makaniki zai cire wayar batir, ya tsiyaye ruwa da mai, ya sauke lagireto da fanka da murfin sarƙa. Sa'an nan ya ɗauke kan injin, ya zare sandunan da ke tura roka, ya fitar da tafet. Lalle ne ya jera su bisa kwali mai lamba 1 zuwa 8, gama kowane tafet ya riga ya saba da tozonsa, in aka musanya su sai su cinye juna. Bayan wannan ya cire famfon fetur, da na'urar raba wuta tare da giyarta, da sarƙa, da farantin da ke tare kamshaf. Sai ya zaro shi ta gaba sannu a hankali, yana tallafe da shi, kada tozo ya karce boris.

A wanke shi da kananzir, a duba shi da hasken rana. Tozon kirki sumul yake. Wanda ya yi ƙananan ramuka, ko zane, ko ƙololuwarsa ta baje, ya gama aiki. A auna tsawon kowane tozo a gwada da na 'yan'uwansa. A duba wurare huɗu da sandan ke kwanciya cikin boris, da haƙoran giya, da sarƙa ko ta saki. In za a sa sabon kamshaf, tilas a sa masa sababbin tafet.

Wajen mayarwa, a shafe shi da mai mai tsabta tukuna. Muhimmin abu shi ne saitin sarƙa. A juya filawil har alamar EP ta zo daidai da tsinken nuni, a kuma juya kamshaf har bawul ɗin hayaƙi na silinda ta 1 ya buɗe iyaka, sa'an nan a ɗora sarƙa. Kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya raunana injin. A daidaita tazarar bawul a inci 0.010, watau milimita 0.25. Kafin a tayar, a juya injin da hannu sau biyu, a tabbata babu abin da ya cije.

Mai motar da ke canja baƙin mai da matacinsa a kan lokaci, da wuya wannan aiki ya same shi.