Ƙwallon kwando a jami'o'in Amurka: gwarzon shekara da masu jefa ƙuri'a

Kowace shekara, idan watan Maris ya kama, gasar ƙwallon kwando ta ɗaliban Amurka takan zo ƙarshe, sa'an nan a zaɓi gwarzon shekara. Jami'o'in ƙasar suna da yawa ƙwarai, ba shi yiwuwa kowace ta kara da kowace. Saboda haka aka karkasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni da gasarsa, da hukumarsa, da kuma gwarzonsa. Daga cikin waɗanda suka fi suna akwai rukunin jami'o'in gaɓar tekun Atilantika, wanda ake taƙaita sunansa da haruffa uku, watau ACC. An kafa shi a 1953 cikin jahar Karolina ta Arewa da jami'o'i 7, ta 8 kuwa, jami'ar Birjiniya, ta shigo kafin shekarar ta ƙare. A 2024 yawansu ya kai 18.

Wanda ya fara samun lambar gwarzon wannan rukuni shi ne Dickie Hemric na jami'ar Wake Forest, a 1954, ya kuma maimaita a 1955. Lambar tana da nauyi ga saurayi, domin ƙungiyoyin ƙwararru, waɗanda ke biyan albashi mai tsoka, suna sa ido a kan wanda ya same ta. Amma fa ba lissafin maki ake yi a ba wanda ya fi ba. Ƙuri'a ake jefawa, kuma shekaru da yawa ƴan jaridar wasanni na yankin su kaɗai ke jefa ta. Sai daga baya aka sa masu horar da ƙungiyoyi cikin zaɓen. Duk inda aka ce ƙuri'a kuwa, halin mai jefa ta yakan shiga ciki. Abin da ya faru a 1969 ya isa shaida.

Jami'o'in da suka kafa ACC duka a kudancin Amurka suke, inda wariyar launin fata ta yi kaka-gida. Shekara 12 ana gasar ba a ga baƙar fata ko ɗaya a fili ba, sai a 1965 da Billy Jones ya fara yi wa jami'ar Maryland wasa. A 1966 Dean Smith, mai horar da ƙungiyar jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill, ya ɗauko wani yaro ɗan birnin New York mai suna Charlie Scott. Shi ne baƙar fata na farko da wannan jami'a ta ɗauki nauyin karatunsa saboda wasa. Ya sha zagi daga ƴan kallo a filayen abokan karawa, bai fasa ba. A 1968 yana cikin ƙungiyar Amurka da ta ciyo lambar zinariya a wasannin Olimpik na birnin Meksiko.

A 1969 Scott ne ƙashin bayan ƙungiyar da ta zo ta ɗaya a rukunin. A wasan ƙarshe na cin kofin ACC, da suka kara da jami'ar Duke, shi kaɗai ya ci maki 40, aka tashi 85 da 74. Duk da haka ƴan jarida suka ba John Roche lambar, wani farar fata na jami'ar Karolina ta Kudu, shi ma ɗan New York. Abin da ya fi ciwo shi ne, wasu daga cikin masu jefa ƙuri'a ba su ma sa sunan Scott cikin ƴan wasa 5 na sahun farko ba. Mutum na iya cewa Roche ya fi Scott, a saurare shi, gama kowa da idonsa. Amma wanda ya ce a duk rukunin akwai mutum 5 da suka fi Scott a wannan shekara, to ba wasa yake dubawa ba.

Scott bai haɗiye maganar ba. Ya faɗa a fili cewa launin fatarsa ne ya jawo, har ya yi tunanin ƙin shiga gasar ƙasa baki ɗaya da ke biye. A wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne saurayi baƙar fata ya ɗaga murya haka a kudancin Amurka. Daga bisani ya shiga. A karawar da suka yi da kwalejin Davidson, ana kunnen doki, saura daƙiƙoƙi kaɗan a tashi, ya jefa ƙwallon da ta raba gardama, 87 da 85, ya kai jami'arsa cikin huɗun ƙarshe na ƙasa.

A 1970 Scott ya fi kowa cin maki a rukunin, kimanin 27 a kowane wasa, amma aka sake ba Roche. A wannan karo, don a yi adalci, masu zaɓen suna da hujja: ƙungiyar Roche ta ci wasanninta 14 na rukunin duka, ba ta faɗi ko sau ɗaya ba. Roche gwani ne ba shakka, kuma ba shi ya jefa ƙuri'ar ba.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1971, Charlie Davis na Wake Forest ya zama baƙar fata na farko da ya sami lambar. Daga nan ƙofa ta buɗe. David Thompson, na ɗaya jami'ar ta Karolina ta Arewa da ke Raleigh, ya same ta sau 3 a jere, daga 1973 zuwa 1975. Tsawonsa mita 1 da santimita 93 ne kawai, gajere ke nan a wannan wasa, amma tsallensa ya zama abin labari. A 1974 ƙungiyarsa ta kayar da jami'ar UCLA, wadda ta yi shekara 7 a jere tana riƙe da kofin ƙasa. Ralph Sampson na Birjiniya, dogo mai mita 2 da santimita 24, shi ma ya yi sau 3, daga 1981 zuwa 1983. Saboda shi ne Michael Jordan, wanda duniya ta sani, ya jira har 1984 kafin ya sami tasa, sau ɗaya tak. Len Bias na Maryland ya karɓa a 1985 da 1986. Ƙungiyar Boston Celtics ta ɗauke shi a watan Yuni na 1986, bayan kwana 2 ya rasu saboda hodar ibilis, yana da shekara 22. Tim Duncan na Wake Forest ya samu a 1996 da 1997.

Roche ya yi wasa cikin ƙwararru na wasu shekaru, sa'an nan ya zama lauya. Jami'arsa ta fice daga ACC tun 1971. Scott kuwa ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, tare da Boston Celtics a 1976. A 2018 aka shigar da sunansa cikin zauren tunawa da manyan gwanayen ƙwallon kwando da ke garin Springfield, yana da shekara 69. Wanda ya buɗe jerin gwarzayen ACC ya duba 1969 da 1970, sunan John Roche zai tarar sau biyu.