Gargaɗi: A Auna Fuloraid Kafin Yara Su Sha Ruwan Bohol

Iyaye, masu unguwanni, kwamitocin masallatai, da duk mai niyyar haƙa rijiyar burtsatse don sadaka, da ku ake. Ruwan da ya fito garau daga ƙarƙashin dutse, ba wari ba ɗanɗano, yana iya ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima. Ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jinsa. Tafasawa kuwa ba ta korar shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi, domin ruwa ne ke tashi da tururi, shi yana nan zaune a tukunya.

Wanda yake ganin tsoratarwa ce kawai, ya tambayi mutanen Tibiri da ke kusa da Maraɗi. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 garin yana shan ruwan wata rijiya mai zurfi, wadda fuloraid ɗinta ya ninka ƙa'ida fiye da sau uku. Kafin a farga, yara da dama haƙoransu sun rine, ɗaruruwa ƙasusuwansu sun tanƙware. A Najeriya ma, wanda ya san Kaltungo da Billiri a jihar Gombe, ko Langtang a Filato, ya san rinannun haƙoran yankin, har wasu na cewa gado ne. Ba gado ba ne. Duwatsun ƙarƙashin ƙasa ne ke sakin sinadarin cikin ruwa, uwa ta sha, 'ya ta sha, jika ta sha.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada fuloraid ya haura miligiram 1.5 a kowace lita, kuma ita Najeriya ta ɗauka. Kaɗan daga gare shi alheri ne, yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. In ya yi yawa a lokacin da haƙoran girma ke ginuwa a cikin dasashi, wato daga haihuwa zuwa wajen shekara 8, sai su fito da fararen tabo, ko ruwan ƙasa, ko ramuka. Tabon nan ba ya goguwa da aswaki ko gawayi. In aka daɗe ana sha kuma adadin ya yi sama sosai, sai abin ya gangara ƙashi: gaɓoɓi su sandare, baya ya ƙage, ƙafafun yaro su karkace. Mu da ke ƙasar zafi mun fi shiga haɗari, domin ruwan da ɗan Sakkwato ke sha a watan Afrilu ya fi na ɗan Ingila nesa ba kusa ba. Jaririn da ake dama wa madarar gwangwani da ruwan bohol shi ne a sahun gaba.

Ga inda ake yaudarar mutane. An gama haƙa, sai mai aikin ya zaro wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami daga aljihu, ya tsoma a kofi, lamba ta fito, ya ce, "Alhaji, ruwanka ya fi na roba kyau." Wannan alƙalamin, da ake kira TDS, jimillar gishirin da ya narke a ruwa kawai yake kintata, ta hanyar duba yadda lantarki ke ratsa ruwan. Bai san fuloraid ba, bai san gishirin miya ba, duk ɗaya ne a wurinsa. In ya nuna 150, miligiram 4 na fuloraid na iya ɓuya a ciki ba wanda ya sani. Haka masu tallar matatar ruwa da ke tsoma ƙarafa su jona wuta, ruwan ya koma ja kamar kunun kanwa, su ce ga dattin da kuke sha. Ƙarfensu ne ke narkewa, wannan siddabaru ne ba awo ba.

Na'urar pH ma ba ta wadatar. Aikinta shi ne ta faɗi inda ruwa ya karkata, wajen tsami ko wajen kanwa, abin da kowace mai girki ta sani tun da ita ke kashe tsamin yakuwa da kanwa. Ma'aunin daga 0 ne zuwa 14, tsakiyarsa 7. Ruwan lemon tsami wajen 2 yake, sodar haɗa sabulu ta kan kai 13 ko 14, ruwan sha kuwa ana son ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Gaskiya ne ruwa ba ya tsami banza, kuma ruwa mai tsami kan ci bututun ƙarfe. To amma ruwan da ke da yawan fuloraid sau da yawa ba tsami gare shi ba, ya ɗan karkata ne wajen kanwa, yana zaune lafiya lau cikin ƙa'idar pH. Sai takarda ta ce ya ci jarrabawa, alhali ba a yi masa tambayar da ta dace ba.

Abin da ke ganin fuloraid sanda ce ta musamman da wasu masana biyu, Frant da Ross, suka fito da ita a Amurka a 1966. A bakinta akwai ɗan dutsen lantanam fuloraid wanda ke amsa wa wannan sinadari, ya mai da yawansa zuwa ƙarfin lantarki. Duk lokacin da adadin ya ninka goma, karatun kan motsa da wajen milibolt 59. Sai dai ita ma tana da sharuɗɗa, kuma a nan ne pH ke shigowa. In ruwan ya yi tsami sosai, fuloraid kan ɓuya, sandar ta faɗi ƙasa da gaskiya. In ya yi kanwa sosai, ta rikice ta faɗi sama da gaskiya. In akwai alminiyam ko ƙarfe a ruwan, sukan riƙe fuloraid su hana a gan shi. Shi ya sa ma'aikacin da ya san aikinsa ke gauraya samfurin da wani ruwan magani mai suna TISAB, wanda ke tsayar da pH tsakanin 5 da 5.5 ya kuma kwance abin da aka riƙe. Kafin nan kuma sai ya saita sandar da ruwan gwaji wanda aka riga aka san adadinsa. Wanda ya tsoma sanda kai tsaye a bokiti ya karanto muku lamba, ku riƙe kuɗinku.

Ku kai ruwan ɗakin gwajin hukumar ruwa ta jiha ko sashen kimiyyar sinadarai na jami'a mafi kusa. A bar famfo ya zuba na 'yan mintuna, a ɗauraye gorar roba mai tsabta sau uku da ruwan, a cika a rufe. Roba, ba kwalba ba. Ku ce a fili fuloraid kuke so a auna, a rubuto muku adadin a miligiram cikin lita, ba kalmar "yana da kyau" ba. Kowace rijiya da nata awon, domin ta maƙwabci na iya zama lafiya, taku da ta fi zurfi ta ci karo da wani dutsen.

In fuloraid ɗin ya haura 1.5, a ɗauke yara daga kan ruwan a yau. Wanka da wanki ba laifi, sha da girki ne matsalar. A nemi wata rijiyar da aka auna, ko ruwan sama da aka tara da tsabta. Tacewa da ƙyalle ko jefa ɗan alif a randa ba abin dogaro ba ne. Abin da ke cire fuloraid shi ne matatar gawayin ƙashi, ko matatar da ake kira RO, ko haɗin alif da farar ƙasa bisa awo, irin wanda Indiya ta yi suna da shi a Nalgonda. Su ma sai an riƙa sake auna ruwan da ke fitowa.

A cikin gida kuma, a duba man goge baki. Galibinsa na ɗauke da fuloraid 1,000 zuwa 1,450 cikin miliyan, wato kusan ninki dubu na iyakar ruwan sha. Kada a daina amfani da shi, amma a daina shafe buroshi tun daga kai har gindi kamar yadda ake yi a talla. Ɗan ƙasa da shekara 3 kwatankwacin ƙwayar shinkafa ya ishe shi, daga 3 zuwa 6 kwatankwacin ƙwayar wake ƙarama, a tsaya a kansa ya tofar. In yaro ya shanye mai yawa don zaƙinsa, a ba shi madara, a kai shi asibiti da bututun man a hannu.

Sai kuma ruwan cire tsatsa daga tufafi da na wanke ƙafar mota, waɗanda wasunsu ke da asid ɗin fuloraid. Wannan asid har gilashi yake ci. Mai rauninsa in ya taɓa fata ba ya zafi nan take, sai bayan sa'o'i, lokacin ya riga ya nutsa cikin tsoka. Kada a ɗura shi a gorar lemo, kada a saye shi ba takarda a jiki. In ya zuba wa wani, a cire tufafin da ya jiƙe, a kwarara ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, a tafi asibiti ko da bai ce yana jin komai ba, a kuma gaya wa likita sunan abin da ya zuba.