Kalmar "stay": abin da take nufi, inda ta fito, da ƴar uwarta da ke cikin Hausa

A unguwar Habbena, cikin gunduma ta 7 ta birnin Njamena, mutum yana iya wuni bai ji kalma ɗaya ta Ingilishi ba. Da Larabcin Chadi ake ciniki a kasuwa, Faransanci ne na ofis da lakwal, a gida kuwa kowa da harshen iyayensa. Duk da haka akwai wata ƴar gajeriyar kalmar Ingilishi da kusan duk mai wayar hannu ya taɓa cin karo da ita, wato "stay". Ta yi tashe a shekarar 2020, bayan an tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Chadi ranar 19 ga Maris. Saƙonnin da ke shigowa WhatsApp da Facebook daga Najeriya da Ingila suna cewa "stay at home", na nan gida da na Faransa suna cewa "restez chez vous", Bahaushe kuma ya ce a zauna a gida.

"Stay" da "rester" uwarsu ɗaya. Asali ma Ingilishi aron kalmar ya yi daga Faransanci, kuma wata ƴar uwarta ta daɗe da shigowa Hausa har ta zama ƴar gida.

Kalma ɗaya, aiki da yawa

Ma'anarta ta yau da kullum ita ce mutum ya ci gaba da zama inda yake, kada ya gusa. Amma abin da Ingilishi ya tara cikin wannan kalma, Hausa ta rarraba shi. In uwa ta hana yaro bin ta kasuwa, "zauna" za ta ce. In baƙo ya yi kwana uku a masauki a Maiduguri, sauka ya yi. In likita ya ce a kula da jiki, "a kasance" cikin ƙoshin lafiya ke nan. Duk waɗannan "stay" ne a bakin mai Ingilishi.

Ɗan kasuwar da ya ƙetara Kusiri ya bi ta Gamboru ya shiga Najeriya zai ji ana tambayarsa "where do you stay". Ba masaukinsa na daren jiya ake nufi ba, ana tambayarsa ne inda yake da zama. Haka ake amfani da ita a Najeriya da Afirka ta Kudu da Sikotilan, alhali mutumin Landan "live" zai ce.

Inda rashin fahimtar ke da tsada shi ne kan takarda. A jikin bizar ƙasashen Turai na yankin Schengen akwai gurbi biyu da ake yawan gwamutsawa. Ɗaya yana nuna ranar da bizar ta fara aiki da ranar da za ta mutu. Ɗayan an rubuta masa "duration of stay", da Faransanci "durée de séjour", shi ne adadin kwanakin da aka yarda mutum ya yi a can. Biza tana iya zama ta shekara guda, amma ga mai gajeriyar ziyara zaman ba ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180, wani lokaci ma abin da aka rubuta bai kai haka ba. Wanda ya dubi gurbin farko kaɗai ya miƙe ƙafa, ranar fita ne zai ji sunan laifinsa, "overstay", wato wuce wa'adin zama, kuma yana iya jawo masa tara ko hana shi biza nan gaba.

A kotu kuma kalmar tana komawa dakatarwa. Mai bin labaran shari'a na Najeriya ya saba jin lauya ya nemi "stay of execution". Ba maganar kisa ake yi ba a mafi yawan lokuta. Roƙo ne a jinkirta aiwatar da hukunci har a saurari ƙarar da aka ɗaukaka, abin da lauyoyin Faransanci ke kira "sursis à exécution". A dokar Najeriya ɗaukaka ƙara kaɗai ba ya tsayar da hukunci, sai an nemi wannan umarni daban. Wanda aka yanke wa ya bar shago ko fili, in lauyansa bai nema ba, ana iya fitar da shi ƙararsa tana gaban kotun sama.

Ɗaliban lise na Njamena kuwa tarkonsu daban ne. Yaro yana so ya ce "je reste à la maison", sai ya ga "rest" ta yi kama da "rester", ya rubuta "I rest at home". Abin da ya faɗa shi ne yana hutawa a gida. "Rest" ta hutu tsohuwar kalma ce ta dangin harsunan Jamus, kamannin fuska kawai ya haɗa ta da "rester". Ƴar uwar ta gaskiya ita ce "stay", ga ta kuwa ba su yi kama ba.

Daga Roma zuwa Landan

Tushen duka shi ne "stare" ta Latin, harshen tsohuwar daular Roma, ma'anarta tsayuwa da ƙafa. Da Latin ya rikiɗe a bakin talakawan ƙasar da ta zama Faransa, sai suka riƙa jin nauyin fara kalma da "st" ko "sk", suka ɗora wasali a gaba. Ta haka "stare" ta zama "ester", kamar yadda "schola" ta zama "escole", daga baya "école", wadda mu kuma muka mayar lakwal. Bahaushe ya san wannan nauyin harshe sarai, shi ya sa ya cusa wasali ya ce sito da sitiyari.

A 1066 Wiliyam, sarkin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin muhawarar shari'a da Ingilishi. Dubban kalmomi sun kwarara cikin Ingilishi ta wannan ƙofa. "Stay" ta bayyana a rubuce cikin ƙarni na 15, daga wani sigar "ester", bayan Ingilishi ya yar da wasalin da Faransawa suka ɗora. Kafin zuwanta Ingilishi yana da nasa kalmomin, irin "abide", waɗanda ta ture gefe har yau ba a cika jin su ba sai a littafin addini ko a bakin lauya.

A Faransa ita "ester" ɗin ta kusa ɓacewa. Ta maƙale a jumlar lauyoyi "ester en justice", tsayawa gaban kotu a matsayin mai ƙara ko wanda ake ƙara, sannan a cikin "été" da "étant" na aikatau "être". Wadda ta gaje ta a bakin jama'a ita ce "rester", daga "restare", tsayawa a baya bayan wasu sun wuce. "Arrêter" ma ɗiyar gidan ce, haka "état", haka "estar" ta Sifaniyanci. In aka ƙara tonawa ƙasa da Latin, saiwar ta kai har Farisa da Indiya: "stan" da ke ƙarshen Pakistan da Afganistan wuri ne da ake tsayawa, wato ƙasa.

Ma'anar "stay" ta farko ba zama ba ce. Tsayawa ce cak, mutum yana tafiya ya ja birki, ko a tsayar da shi. Wannan tsohuwar ma'ana ce ta rage a kotu. Sai cikin ƙarni na 16 ta fara nufin sauka a matsayin baƙo, sannan ci gaba da zama.

Hausawan Chadi ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan yadda tsayawa ke komawa zama. Kafin jirgin sama ya sauƙaƙa aikin hajji, maniyyata daga Kano da Katsina da Damagaram ta ƙasa suke bi, su ratsa Borno, su ƙetara kogi zuwa Fort-Lamy, su nufi Abeche da Darfur har bakin Bahar Maliya. Tafiyar kan ɗauki shekaru. Guzuri ya ƙare, mutum ya ya da zango don ya yi ɗinki ko fawa ko ɗan kasuwanci ya tara na gaba, sai aure ya zo, sai ƴaƴa, zango ya zama gida. Unguwannin Zango na Kumasi da Akara da Lome haka suka samo suna, daga masaukin fatake. Shi kansa birnin, da aka kafa a 1900 aka sauya masa suna a 1973 zamanin Tombalbaye, yawanci ana fassara sunansa Njamena da wurin hutawa.

To "tsaya" fa?

Duk mai jin Hausa da ya ji "stay" sai "tsaya" ta faɗo masa, kuma ma'anar ta zo daidai ƙwarai, don ita ma tana nufin miƙewa da ƙafa da kuma daina tafiya. Amma dace ne kawai. Hausa tana cikin reshen harsunan da masana suka raɗa wa sunan tafkin Chadi, a babban gidan da ya haɗa ta da Larabci da Abzinanci, ba da Latin ba. Kamannin sauti tsakanin kalmomi biyu ba ya zama hujja sai an ga irin wannan sauyi yana maimaituwa a jerin kalmomi, kuma a nan babu shi. Larabcin Chadi nasa daban ne: mai tafiya yakan ce wa mai gida "agod afe", zauna lafiya. Saiwar wannan kalma ce ta ba mu ƙa'ida, abin da aka zaunar, da Zulƙida, watan da Larabawa kan zauna su ajiye makamai.

Ƴar uwar "stay" da ke cikin Hausa ita ce tasha. Mutane da yawa sun ɗauka daga tashi ta fito, tun da daga nan mota ke tashi, kuma zaton ba na wauta ba ne. Sai dai asalinta "station" ce ta Ingilishi, daga "statio" ta Latin, wurin tsayawa, daga "stare" ɗin nan dai. Ta samu gindin zama da zuwan jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911. A nan Bahaushe bai cusa wasali ba, sai ya yar da "s" ta farko gaba ɗaya. Daga tashar jirgi aka samu tashar mota, tashar jiragen ruwa, tashar rediyo da talabijin, har da ɗan tasha, wanda uwa ba ta so a kira ɗanta da shi. A Nijar da Chadi, inda takarda ke cewa "gare routière", direba Bahaushe tasha yake cewa.